MASHAYI YA ZAUNA DA MASHAYA DON SU DAINA: TONA ASIRI NE KO NEMAN MAGANI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau zan taɓo maganar da ba mu cika son a yi ta a fili ba, musamman mu mutanen karkara. Maganar ɗan uwanmu Musulmi ce wanda Allah Ya jarrabe shi da shan giya ko sauran kayan maye, yana son ya daina, ya rasa ta inda zai kama.

A watan Nuwamba na 2020 hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta farfasa kwalaben giya 1,975,000 a Kalebawa, nan ƙasarmu ta Dawakin Tofa. A farkon 2022 aka sake, da adadin da ya kusa ninka wancan. Aiki ne mai kyau, Allah Ya saka wa masu yin sa da alheri. Amma mu tsaya mu yi tunani. Kwalaben nan ba yawon buɗe ido suka shigo yi Kano ba, akwai masu jiran su. To kwalba dai ta fashe. Shi wanda jikinsa yake karkarwa idan bai sha ba, ina ya nufa a daren ranar? Kada mu yaudari kanmu da cewa ai duk baƙi ne mazauna Sabon Gari. Wallahi akwai 'ya'yanmu a ciki, akwai magidanta, akwai waɗanda muke haɗa sahu da su ranar Juma'a.

Kuma giya ɓangare ɗaya ce kawai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka yi lissafin, ban da giya da taba. Kano kaɗai an ƙiyasta mata sama da mutum miliyan ɗaya. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya girgiza kowa. An hana, amma masu sha ba su ɓace ba. Wasu sun koma tiramol, wasu wiwi, wasu sholisho, wasu ƙananan ledojin giya masu arha.

Ma'ana dai, mun iya yaƙi da kwalba. Abin da ba mu iya ba tukuna shi ne riƙe hannun mutumin da ke bayan kwalbar.

Akwai wata hanya da mutanen wasu ƙasashe suka daɗe suna bi. A shekarar 1935, a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, wasu mashaya biyu suka haɗu, ɗaya ɗan kasuwar hannun jari mai suna Bill Wilson, ɗaya likita mai suna Bob Smith. Kowannensu ya sha gwada dainawa shi kaɗai ya kasa. Sai suka lura da cewa idan suka zauna suka gaya wa juna gaskiyar halin da suke ciki, ranar takan wuce ba su sha ba. Daga nan aka samu ƙungiyar Alcoholics Anonymous, da ake taƙaitawa AA, wato mashayan da ba a bayyana sunayensu. Tsarin ba wuya. Mutane kaɗan ne ke haɗuwa a ɗaki, duk sati ko ma kullum, kowa ya faɗi yadda ya yi fama tun bayan zaman baya, ba mai katse wani, ba mai yi wa wani gori, abin da aka faɗa a ɗakin kuma a ɗakin yake tsayawa. Wanda ya jima da dainawa ya riƙe sabon shiga. A 1989 wasu Musulmi a birnin Baltimore suka kafa tasu mai suna Millati Islami, suka gyara tsarin ya dace da tauhidi. A ƙasar Iran kuwa irin wannan zama na masu barin ƙwaya ya yaɗu har ana yin dubbai a kowane mako. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta duba bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, ta ga cewa wajen sa mutum ya daina giya ɗungurungum ya kuma ɗore, wannan hanya ba ta gaza sauran hanyoyin ba da shawara na asibiti ba, sau da yawa ma takan fi su.

To ga inda tambayar addini take, kuma tambaya ce mai nauyi, ba ta raini ba. Mu an koya mana cewa wanda ya yi saɓo ya suturta kansa da suturar Allah. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa ana sa ran afuwa ga dukkan al'ummar nan in ban da masu bayyana saɓonsu, kamar mutumin da zai yi laifi da dare, Allah Ya rufa masa asiri, gari ya waye ya je yana ba mutane labari. Shin wanda ya zauna a gaban mutum takwas ya ce "jiya na sha", bai faɗa cikin wannan gargaɗi ba? Shin ba mu aro al'adar wasu muka ture tamu ba?

Fahimtata ita ce bai faɗa ba, matuƙar niyyarsa neman mafita ce kuma zaman yana da ƙa'ida. Ga dalilaina.

Na farko, mu dubi mutumin da hadisin ya siffanta. Mutum ne da ya yi saɓo bai ji komai ba, yana ba da labari don nishaɗi ko burga. Irin wanda za ka ji a majalisa yana cewa "kai, jiya mun kwana muna yi", ana shewa. Wannan ya raina Wanda ya saɓa wa, kuma yana ƙawata laifin a idon masu sauraro. Shi kuwa wanda ya zo da kai a sunkuye ya ce "ku taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina", me ya haɗa shi da wancan? Kalmomin za su iya zama iri ɗaya, amma ayyuka ai da niyya suke tafiya.

Na biyu, Sahabbai sun yi. Mutumin da ya kusanci iyalinsa da rana a watan Ramadan, wajen Manzon Allah (SAW) ya zo yana cewa ya halaka, a gaban mutane ya faɗi abin da ya yi. Ba a ce masa don me ka tona wa kanka asiri ba. Hanyar kaffara aka nuna masa, har aka taimaka masa da dabinon da zai fita da shi. Imamu Nawawi a cikin littafinsa Al-Azkar ya yi bayani cewa abin ƙi ne mutum ya riƙa ba da labarin saɓonsa, amma idan ya gaya wa malaminsa ko wani makamancinsa da yake fatan zai nuna masa mafita, ko ya sanar da shi abin da ke jefa shi cikin laifin, ko ya yi masa addu'a, to babu laifi, abu ne mai kyau ma. Ka ga ke nan malamanmu sun raba tsakanin tallata zunubi da kai ƙarar zunubi wurin wanda zai taimaka. Mara lafiya ma ai yakan buɗe wa likita inda ba ya buɗe wa kowa, gwargwadon lalura.

Na uku, shi Alƙur'ani da kansa ya nuna mana cewa giya ba abu ba ce da ake cire wa mutum da tsawa ɗaya. Mataki-mataki aka bi. A Suratul Baƙara aya ta 219 aka bayyana cewa cutarwarta ta fi amfaninta. A Suratun Nisa'i aya ta 43 aka hana kusantar sallah cikin maye. Sai a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 aka rufe ƙofar gaba ɗaya. Uwar Muminai A'isha (RA) ta yi nuni, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, da cewa da hana giya ne abin da ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba, sai da zukata suka ginu tukuna. A fahimce ni da kyau, yau hukunci ya riga ya kammala, giya haramun ce tun daga ɗigon farko, babu mai ikon cewa a sha kaɗan-kaɗan. Darasin da nake ciro mana shi ne, waɗanda suka zubar da giyarsu a lungunan Madina rana ɗaya, ba su yi haka kowa a ɓoye shi kaɗai ba. Jama'a ce guda da ta shekara da shekaru ana tarbiyyarta, kowa yana ganin ɗan uwansa yana zubarwa. Mu kuma yau sai mu ce wa yaro ɗan shekara 22 ya daina shi kaɗai, a ɗakinsa, alhali duk abokansa suna can inda ya baro su, mu kuma mun ƙi karɓarsa.

Wannan ya kawo mu ga dalili na huɗu, wanda a wurina shi ne ƙashin bayan maganar. Ku tuna ƙissar mutumin da ya kashe rai 99 ya cike na ɗari. Da ya isa wurin malami na gaskiya, malamin bai tsaya a ce masa ƙofar tuba a buɗe take ba. Ya umarce shi ya bar garinsu ya tafi wani gari inda akwai masu bautar Allah ya zauna tare da su. Tuba tana buƙatar sababbin abokan zama. To mashayin Dawanau ko na Tumfafi ko na Kwa da ya yi niyyar tuba yau, wace majalisa ce za ta matsa masa ya zauna? Ta dattawa, da zarar ya doso an yi shiru. Ta samarin masallaci, ana kallon sa ana taɓa juna. Gida kuwa ba a gama zagin sa ba. Wuri ɗaya tak ake masa maraba da fara'a, shi ne inda ake sha. In ka ga mutum yana komawa rijiyar da ta taɓa halaka shi, ka bincika, wataƙila duk sauran rijiyoyin garin an rufe masa su ne.

Akwai wani Sahabi mai suna Abdullahi, ana masa laƙabi da Himar, yakan ba Manzon Allah (SAW) dariya. An sha kawo shi ana masa bulala a kan giya. Wata rana wani ya tsine masa saboda yawan kawo shin da ake yi. Manzon Allah (SAW) ya hana tsinuwar, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da ManzonSa. A wani hadisin makamancin wannan ya gargaɗi Sahabbai da kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan uwansu. An tsayar da haddi, ba a sassauta ba, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Abu Mihjan As-Saƙafi ma, littattafan tarihi sun kawo cewa a ɗaure yake saboda giya ranar yaƙin Ƙadisiyya, ya roƙa aka kwance shi, ya yi jarumtakar da ta ba kowa mamaki, ya dawo ya mai da ƙafarsa cikin mari da kansa. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya karrama shi ya sake shi, a nan ne ya yi alkawarin ba zai ƙara sha ba. Abin da bulala ta daɗe ba ta yi ba, mutuntawa ta yi shi.

Mu kuwa mun gwada mari da sarƙa a namu zamanin. Kowa ya ga abin da aka fito da shi daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300, da yawa a ɗaure, jiki duk tabo. Bayan 'yan makonni aka ga irinsa a Daura. Iyaye da yawa da hannunsu suka kai 'ya'yansu, ba don mugunta ba, sai don sun rasa wata ƙofar. Idan muka ce zaman tattaunawa haramun ne ba mu kawo madadinsa ba, to ga inda muke tura mutane.

Yanzu bari in yi adalci ga masu ɗari-ɗari da abin, don suna da maganganu da ya kamata a saurara.

Suna cewa asalin tsarin daga Kirista ya fito. Gaskiya ne, waɗanda suka kafa AA sun tasirantu da wata ƙungiyar Kirista ta lokacinsu, kuma a matakansu 12 suna maganar miƙa wuya ga Ubangiji "yadda kowa ya fahimce Shi". Mu ba mu da wannan lauje cikin naɗi. Ubangijinmu Allah ne, Shi kaɗai, da sunayenSa da siffofinSa. Haka kuma babu ɗan Adam da ke yafe zunubi. Wanda ka gaya wa damuwarka mai taimako ne kawai, tuba tsakaninka da Allah take. Musulmin da ya samu kansa a irin wannan zama a wata ƙasa ko ta intanet, ya ɗauki abin da zai amfane shi, ya bar duk addu'a ko lafazin da ya saɓa wa aƙidarsa. Amma kuma mu duba, yawancin abin da ke ciki ai kayanmu ne. Yarda da cewa ba ka da dabara ba ka da ƙarfi sai da Allah. Yi wa kai hisabi. Mayar da haƙƙin mutanen da ka zalunta, wanda sharaɗi ne na tuba a wurinmu. Taimakon wanda yake bayanka. Allurar rigakafi da tabarau ma ba mu muka ƙirƙiro su ba, ba mu kuma ce haramun ba ne.

Suna cewa me ya sa mutumin da ya shekara goma bai sha ba zai ci gaba da kiran kansa mashayi, alhali wanda ya tuba kamar wanda bai yi zunubi ba ne? Wannan ma magana ce. Ni ban ga dole a lafazin ba. Ya isa mutum ya ce "ni bawan Allah ne da aka jarraba da shaye-shaye, yau kwanana kaza da bari". Amma hikimar da ke ƙarƙashin lafazin kada mu yar da ita. Zunubi an yafe, in sha Allahu, amma jiki bai manta ba. Wanda giya ta taɓa kamawa, kurɓi ɗaya kan iya mai da shi inda ya baro. Shi ya sa umarnin da ya zo a Ma'ida na nisanta ne, kuma Sunna ta koya mana cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Suna cewa tara mashaya wuri guda ai haɗa wuta da auduga ne. Zai iya zama haka idan ba ƙa'ida. Idan zama ya koma ba da labarin daɗin da aka sha, ko kwatancen inda ake samun mai kyau, to ya zama majalisar saɓo, a tashi. Amma ku tambayi kanku, wa mashayi zai fi saurara? Ni idan na ce masa na san abin da kake ji, ya san ban sani ba. Ban san yadda dare ke tsawo ga wanda jijiyoyinsa ke neman abu ba. Wanda ya bi ta hanyar ya fita, shi ne idan ya ce "kwana ukun farko ne masu wuya, ka daure, ni ma haka na yi", maganar za ta shiga. Kuma shi ne ba a iya yi wa ƙarya, don duk wata dabarar ɓoyewa ya riga ya yi ta.

Suna cewa ai wanda ya yi iƙirari haddi ya hau kansa, bulala 80 a mazhabarmu ta Malikiyya. Haddi aikin alƙali ne, yana tabbata ne idan magana ta je gabansa. Ɗakin da aka taru don neman waraka ba kotu ba ne. Abin da shari'a ta fi so ga wanda ya ji sirrin mai tuba shi ne ya rufa masa asiri. Ku tuna abin da aka nuna wa Hazzal a kan Ma'izu, cewa da ya lulluɓe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Wanda ya ɗauki maganar da aka faɗa cikin amana ya kai ta majalisa ko ya sa ta a WhatsApp, shi ne ya yi babban laifi, ba mai maganar ba.

To a aikace, wanda yake nan ƙasar Dawakin Tofa ta ina zai fara?

Farko, asibiti. Wannan ina so a ji shi da kyau. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, idan ya tsaya cak rana ɗaya, jikinsa na iya rikicewa. Karkarwa, gumi, rashin barci, wani har farfaɗiya, wani cikin kwana biyu zuwa huɗu ya fara gane-gane da sambatu. Mu sai mu ce aljanu ne ko an yi masa sammu, alhali ciwo ne da likitoci suka sani, yana da magani, kuma yana iya kisa idan aka bar shi. Allah Ya hore mana asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau, a cikin ƙaramar hukumarmu. Akwai kuma sashen wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali ban da aikin kame. Na san abin da ke hana mu, kada a ce an kai wane Dawanau. To da a ce an kai shi Dawanau da a ce an kai shi makwanci, wanne ya fi? Idan ka je, ka tambayi ma'aikatan a fili ko suna haɗa masu irin lalurarka zaman tattaunawa, in ba sa yi ko za su iya haɗa ka da wanda ya riga ka warkewa. Mai jin Turanci da ke da waya, akwai irin wannan zama da ake yi ta intanet, har da na Musulmi.

Na biyu, in babu a kusa, mu kafa. Ba ya buƙatar rijista ko tallafin kowa. Mu da muka san gayya, mun san gonar da ta gagari mutum ɗaya ba ta gagarar mutum goma, yau a yi taka, gobe a yi tawa. Mutum uku ma sun isa a fara, kada dai su wuce goma. Rana ɗaya tsayayya a mako, awa ɗaya, bayan Isha'i ko wani lokacin da ya dace. Na san matsalar ƙauye, kowa ya san kowa, ƙauyukanmu kuma a jere suke, ko tari ka yi an ji a gaba. Saboda haka a zaɓi wurin da shiga da fita ba ta jan ido, kamar zauren wani malami da aka saba ganin mutane a ciki, ko wani ɗaki a gefen kasuwar Dawanau inda kowa ke zuwa da uzurinsa. Ɗan Jalli yana iya halartar na Dawaki, ɗan Marke ya je na Ganduje, in hakan ya fi masa kwanciyar hankali.

Na uku, ƙa'idoji. A buɗe da addu'a a rufe da istigfari. A ajiye wayoyi, ba hoto, ba naɗar murya. Kowa ya yi maganar kansa, ban da sunan wasu, ban da bayanin da zai tayar wa wani da kwaɗayi, a faɗi iya abin da lalura ta buƙata. Ba babba ba yaro, Alhaji da ɗan dako duk tabarma ɗaya. Ba a karɓar kuɗi in ban da na shayi. Babu mai rubuta wa wani magani, wannan na likita ne. Maza daban, mata daban, don kada mu manta akwai 'yan uwanmu mata da kodin ya kama a cikin ɗakunansu, su kuma kunyarsu ta ninka ta maza. A samar masu malama mai riƙon amana da ma'aikaciyar lafiya. Kowane sabon shiga a haɗa shi da wanda ya riga shi, mai lambar wayar da zai kira ko ƙarfe biyun dare ne. A kuma san lokutan haɗari, lokacin kaka da kuɗin amfanin gona ke shigowa hannu, lokacin biki, lokacin cin rani da mutum ke nesa da idon gida, da lokacin noma da ake ruɗin samari cewa sai da ƙwaya ake iya kai kunya ƙarshe.

Mu malamai kuma, aikinmu a nan mu ba da wuri, mu ba da kariya, mu amsa tambaya idan an yi. Kada mu mai da zaman wa'azi. Mutanen nan sun ji wa'azi, wasunsu sun fi mu haddace ayoyin haramcin. Abin da suka rasa shi ne inda za su yi magana a saurare su.

Idan wani ya zame ya sha bayan wata uku fa? Ya dawo zama na gaba ya faɗi gaskiya, a taya shi duba abin da ya ja shi, a sake ƙirga daga ɗaya. Ba a korar sa. Hadisi ya tabbata game da bawan da yake yin zunubi ya nemi gafara, ya sake ya nemi gafara, Ubangijinsa yana karɓa matuƙar yana komowa da gaske. Wannan ba lasisin saɓo ba ne, igiya ce ga wanda ya faɗa rijiya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya ji labarin wani mutumin Sham da ya faɗa shan giya, sai ya aika masa da wasiƙa mai ɗauke da ayoyin farkon Suratu Gafir, ya sa mutanen da ke wurinsa suka yi masa addu'a, mutumin ya yi ta maimaita wasiƙar yana kuka har ya tuba. Umar ne fa, wanda muka sani da tsanani.

Kai kuma ɗan uwana da kake karanta wannan a ɓoye, kana jin kamar da kai nake, eh da kai nake. Abin da kake yi haramun ne, ka sani, ba sai na ƙara maka ba. Amma wannan zafin da kake ji a ƙirjinka bayan kowane sha, alamar imani ce, kada ka bari Shaiɗan ya ce maka ka gama lalacewa. Kada ka bar sallah don kana sha. Idan hankalinka ya dawo ka yi tsarki ka yi ta, ita ce igiyar da ta rage maka. Ka zaɓi mutum ɗaya mai amana a cikin satin nan ka gaya masa. Ka je asibiti. Ka nemi 'yan uwanka masu irin yaƙinka ku zauna. Ba ka tona asirinka ba, ka kai shi inda za a rufa shi ne.

Iyaye da matan aure da ke fama da irin waɗannan bayin Allah, na san kun gaji, Allah Ya ba ku ladan haƙuri. Ba a ce ku ba shi kuɗin saye ba, ba a ce ku zauna ana cutar da ku ba. Amma ranar da ya ce yana son ya daina, ko karo na goma ne, kada bakinku ya zama abin da zai mai da shi.

Allah Ya shirye mu, Ya shirya mana zuri'a. Allah Ya yaye wa duk wanda ke cikin wannan jarrabawa, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu zama mabuɗan alheri. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne kuma Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.